Sant'Anselmo: Inda Tsarin Ibadar Katolika Ya Zama Fannin Ilimi Mai Zurfi

A kan tudun Abentino, ɗaya daga cikin tuddai bakwai na tsohon birnin Roma, akwai wata kwaleji ta 'yan zuhudun ƙungiyar Benedikt mai suna Sant'Anselmo. Paparoma Leo na 13 ne ya farfaɗo da ita a 1887. A 1961, zamanin Paparoma John na 23, aka buɗe a cikinta wata cibiya mai aiki ɗaya tak: zurfafa karatu a kan tsarin ibadar Cocin Katolika, har matakin digirin digirgir. Ɗan Katolikan da ke sauraron Mas, babbar ibadar cocin, da harshen uwarsa a yau, a Kafanchan yake ko a Manila, yana cin moriyar irin karatun da aka gina cibiyar a kansa.

Kafin a kai nan an yi tafiya mai nisa. Babban taron coci da aka yi a garin Trent ne, a 1563, ya wajabta wa bishop-bishop su buɗe makarantun horar da limamai, waɗanda ake kira seminari. A 1570 Paparoma Pius na 5 ya fitar da littafin Mas na Latin, wanda aka yi ta amfani da shi kusan shekara 400 da 'yan gyare-gyare kaɗan. A tsawon wannan lokaci, abin da ɗalibin seminari ke koya game da ibada yawanci ƙa'idoji ne: inda liman zai tsaya, sau nawa zai durƙusa, launin rigar da ta dace da kowace rana. Jama'a kuwa suna zaune a baya, da yawansu suna jan carbi, liman na karanta addu'o'i a hankali da harshen da ba su ji.

Canjin ya faro daga gidajen zuhudu. A 1833 Prosper Guéranger ya sake raya gidan Solesmes a Faransa, almajiransa suka duƙufa wajen tono tsofaffin waƙoƙin coci daga littattafan rubutun hannu. A 1909, a wani taro a garin Malines na Beljiyam, Lambert Beauduin, wanda ya taɓa zama limamin leburori kafin ya shiga zuhudu, ya nemi a fassara wa talakawa addu'o'in Mas su riƙe a hannunsu, domin ibadar tasu ce. Sai dai kira irin wannan ba ya tsayawa sai da hujja, kuma masana tarihi ne suka kawo ta.

Babba a cikinsu shi ne Josef Jungmann, malami a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya. Da 'yan Nazi suka rufe tsangayar da yake koyarwa, sai ya bar garin, daga baya ya koma wani ƙauye, ya shafe shekarun Yaƙin Duniya na Biyu yana rubutu. A 1948 littafinsa Missarum Sollemnia ya fito cikin juzu'i biyu, yana bin diddigin kowace addu'a da kowane motsi na Mas: yaushe ya shigo, daga ina, kuma don me. Irin wannan bincike ya tabbatar da cewa Kiristocin farko na Roma da harshen Girka suke ibada, kuma Latin ya maye gurbinsa ne wajen ƙarni na huɗu saboda shi mutanen gari ke ji. Daga nan masu neman a yi ibada da harshen jama'a suka sami gindin zama, domin abin da suke nema tsohuwar al'adar cocin ce da kanta.

Bayan yaƙi sai karatun ya sami gidajen kansa. An kafa cibiya a Trier ta Jamus a 1947, wata kuma a Paris a 1956 ƙarƙashin Bernard Botte. Ta Sant'Anselmo ta biyo baya da malamai irin su Salvatore Marsili, shugabanta na farko, da Cipriano Vagaggini, da Adrien Nocent. Shekara guda bayan buɗe ta, a ranar 11 ga Oktoba 1962, Babban Taron Batikan na Biyu ya fara zama. Kundin farko da taron ya zartar na ibada ne, Sacrosanctum Concilium, ranar 4 ga Disamba 1963, da ƙuri'a 2,147, huɗu kacal suka ƙi. An fi tuna kundin da buɗe ƙofa ga harsunan gida, amma a cikinsa akwai sashe biyu da suka sauya makarantu: na 15 ya ce dole malamin da zai koyar da tsarin ibada ya sami horo a cibiya ta musamman, na 16 kuma ya sa fannin cikin manyan darussan dole a kowace seminari. Sabon littafin Mas da Paparoma Paul na 6 ya fitar a 1970 na ɗauke da aikin waɗannan malamai. Addu'ar godiya ta biyu da ke cikin littafin an gina ta ne a kan wani tsohon rubutu da Botte ya tace, Vagaggini kuma na da babban hannu a ta uku.

Karatun kansa hawa uku ne, kamar yadda dokar Paparoma John Paul na Biyu ta 1979 ta tsara. Ɗalibi zai fara da falsafa da tauhidi, sannan ya yi shekara biyu yana ƙwarewa a fanni ɗaya don samun lasisin koyarwa a seminari, sai digirin digirgir ga mai bincike na kansa. Wanda ya zaɓi tsarin ibada dole ya iya Latin da harshen Girka, ya karanta tsofaffin littattafan addu'a na Roma, ya san rubuce-rubucen magabatan coci, ya kuma kwatanta ibadar Roma da ta Kibɗawan Masar, da ta Habasha, da ta Siriya. Ba limamai kaɗai ke zama a ajin ba, har da mata 'yan zuhudu da sauran mabiya.

Da harsuna suka shigo, sai tambayar al'ada ta biyo su. Anscar Chupungco, ɗan ƙasar Filifin da ya shugabanci cibiyar Sant'Anselmo, ya yi suna a kan yadda ibada za ta sa rigar al'ummar da ta karɓe ta ba tare da ta bar asalinta ba. Misali mafi girma daga Afirka ya fito. Cocin Zayar, da ƙoƙarin Kadinal Joseph Malula na Kinshasa, ta sami amincewar Roma a 1988 ga tsarin Mas nata, mai rawa da kiɗa da ambaton kakanni nagari. Paparoma Francis ya jagoranci irin wannan Mas a majami'ar Saint Peter ranar 1 ga Disamba 2019.

Ba a rasa ja-in-ja ba. Wasu na ganin an yi gaggawa, an zubar da kwarjinin ibada. A 2001 Roma ta ba da umarnin fassara ta bi Latin sau da ƙafa, a 2017 kuma Paparoma Francis ya mayar da mafi yawan ikon fassara hannun majalisun bishop-bishop na ƙasashe.

Wannan hukunci ya dawo da nauyi gida. A Najeriya akwai babbar seminari ta Saint Augustine da ke Jos, wadda aka kafa a 1967, da Cibiyar Katolika ta Afirka ta Yamma a Fatakwal tun 1981, inda ake karatun gaba da digiri. Dubban coci-coci a Arewa da Hausa suke ibada, har a tsakanin al'ummomin da Hausa ba harshen uwarsu ba ce. Fassara addu'ar da ta haura shekara dubu aiki ne da ke buƙatar mutumin da ya ƙoshi da Latin, ya ƙoshi da tauhidi, kuma kunnensa ya san Hausar da manomi da mai talla za su ji ta shige su. Irin wannan malami sai an yi shekaru ana renonsa, kuma tarihin Sant'Anselmo ya nuna cewa cocin da ta kashe wa karatunsa kuɗi, masu zama a bencin baya ne ke fara amfana.