Wasan da Ya Ɓace a Ingila, Aka Same Shi a Jos

Labarinmu na yau daga Ingila ya fito. Labari ne na masu son tsofaffin kaya, waɗanda ake yi wa dariya, daga baya aka gode musu.

Ranar 23 ga watan Nuwamba na shekarar 1963, gidan talabijin na BBC ya fara nuna wani wasa mai suna Doctor Who. Tatsuniya ce ta zamani. Wani baƙo ne daga wata duniya, ana ce masa Dokta. Yana da wani akwati shuɗi, cikinsa ya fi wajensa girma. In ya shiga, sai akwatin ya kai shi zamanin da ya wuce, ko zamanin da bai zo ba tukuna. Manyan abokan gabarsa su ne Dalek, wasu dodanni masu zama cikin sulken ƙarfe. Duk Asabar yara da manya sukan taru su kalla.

A lokacin nan, faifan da ake ɗaukar hoto a kansa yana da tsada ƙwarai. Saboda haka, in an nuna wasa an gama, sai a goge faifan a ɗauki wani abu a kansa. Tsakanin 1967 da 1978, haka BBC ta yi ta yi. Da aka farga, kashi-kashi da yawa na wasan sun ɓace. Har yanzu fiye da 90 ba a gan su ba.

Amma akwai waɗanda suka riƙe wani abu. Wasu masoya wasan, yawancinsu samari, sukan ajiye rakoda kusa da talabijin su ɗauki murya. Iyayensu na ganin ɓata lokaci ne. Ga shi yau, saboda su, babu kashi ko ɗaya da muryarsa ta ɓace.

Hoton fa? BBC ta kan sayar wa ƙasashen waje kwafin wasan a kan fim, har da Nijeriya. Wani Bature mai suna Philip Morris ya yi ta yawo ƙasa-ƙasa yana bin sawunsu. A wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, ya tarar da gwangwanayen fim a kan kanta. A cikinsu akwai kashi 9 na shekarun 1967 da 1968 waɗanda Ingila ta rasa. A watan Oktoba na 2013 aka ba da sanarwa, mutane suka yi ta murna.

Irin wannan ya faru da kwamfuta ta gida. A 1982, wani ɗan Ingila, Clive Sinclair, ya fito da wata ƙaramar kwamfuta mai suna ZX Spectrum. Girmanta bai wuce na littafi ba. Da talabijin ake haɗa ta. A farkon fitowarta, babbar cikinsu tana riƙe haruffa wajen 48,000 kawai, wayar hannu ta yau ta fi ta nesa ba kusa ba. Wasanninta a kan kaset suke, irin wanda muka saba jin waƙa da shi. Wani lokaci kuma a mujalla ake buga umarnin wasan. Yaro ya zauna ya kwafe shi harafi bayan harafi. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, wasa ya ƙi tafiya, sai ya koma ya nemo kuskuren. Ku da kuke koyon rubutu kun san wannan haƙuri.

A 1992 aka daina ƙera ta. Mutane da yawa suka zubar da nasu. Masu sonta kuwa suka tattara kaset-kaset, suka gyara injunan da suka mutu, suka juye dubban wasanni a intanet. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, jama'a, mu duba gidajenmu. Akwai kaset na makaɗan da suka rasu. Akwai takardar gona, da wasiƙun ajami na kakanni. Akwai tsohuwar da ta san asalin garinku. Gara da ruwan sama ba su jira. Ku ajiye takardu cikin akwati wuri mai bushewa. Ku zauna wurin tsofaffi da biro da littafi, ku rubuta abin da suka faɗa, ku sa ranar da sunan garin.