Maganin Damuwar Da Ya Samo Asali Daga Tarin Fuka

A shekarar 1952, a asibitin Sea View da ke birnin New York na Amurka, likitoci suka jarraba wani sabon magani mai suna iproniazid a kan masu tarin fuka, sai ga majinyatan da suka riga suka fid da tsammani da rayuwa sun wartsake, suna cin abinci da marmari, har ana ganinsu suna raha a zaurukan asibiti alhali cutar ba ta gama barin huhunsu ba. Masana suka yi tahƙiƙi, suka gano cewa maganin yana daƙile wani sinadari na jiki, monoamine oxidase, wanda aikinsa shi ne rushe sinadaran da ke ɗaga nishaɗi a ƙwaƙwalwa. A 1957 Dakta Nathan Kline ya ba da shi ga masu ciwon damuwa mai tsanani, aka ga fa'ida, amma a 1961 aka janye shi daga kasuwar Amurka saboda yana lalata hanta.

Magadansa, phenelzine da tranylcypromine, sun zo da wata musibar dabam. A 1963 Barry Blackwell, likita a Landan, ya bayyana cewa masu shan su, idan suka ci tsohon cuku, jininsu kan hau farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, wani lokaci har jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa. Dalili kuwa shi ne sinadarin tyramine, wanda ke taruwa a abincin da aka ruɓar, kuma jiki ba ya iya rushe shi matuƙar maganin yana aiki.

Mutumin garin Mairuwa zai ce ina ruwansa da cukun Turawa. Haƙiƙa da ruwansa, domin daddawar da ake jefawa a miyar kuka daga Faskari har Kankara da Sabuwa ta hanyar ruɓarwa ake yin ta, ta kalwa ce ko ta waken suya. Mafi hatsari kuma shi ne haɗa irin wannan magani da tramadol ko wasu magungunan tari da mura da ake saye a kemis ba takardar likita. Haɗa phenelzine da allurar pethidine na cikin abin da aka danganta da rasuwar Libby Zion, 'yar shekara 18, a New York a 1984.

Wanda likita ya ɗora a kan irin wannan magani, ya faɗa masa abin da yake ci da duk ƙwayar da yake sha, kuma ko bayan ya daina, ya kiyaye har mako biyu.