Darasin Tawakkali Daga Ƙofar Bebeji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

Ya ɗan'uwa mai karatu, a ƙarshen watan Janairun 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya ta nufi Kano. A Bebeji ta fara gamuwa da tirjiya. Mutanen garin suka rufe ƙofa suka ƙi miƙa wuya, sai igwa ta fasa ƙofar, Sarkin Bebeji ya rasu tare da wasu jama'arsa. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, alhali Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Ranar 15 ga Maris ita ma Sakkwato ta faɗi.

A wannan ruɗani babu wanda ya san abin da gobe za ta haifar, sai magabatanmu suka kasu uku. Wasu suka tsaya suka yi yaƙi, kamar Wazirin Kano Ahmadu da ya yi shahada a Kwatarkwashi. Wasu suka zaɓi hijira, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas da niyyar isa Makka, har aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli. Wasu kuma suka zauna, kamar Wazirin Sakkwato Buhari, wanda ya shawarci malamai, ya koma gari don kada a bar talakawa babu mai tsare musu salla da shari'a, daga baya ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa da fargabarsa.

Ka lura, dukkansu sun dogara ga Allah, amma babu wanda ya naɗe hannu yana jiran gaibu ya bayyana masa. Kowa ya auna hujja, ya ɗauki mataki, ya bar sakamako ga Mai shi. Abin da Annabi (SAW) ya koya wa mai raƙumi ke nan a hadisin Tirmizi, da ya umarce shi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Kai da kake tsaka mai wuya kan karatu, sana'a ko aure, nemi sani, yi shawara, yi istihara, sannan ka ɗaga ƙafa. Ba a ɗora maka sanin gobe ba. Gyara niyya da ƙoƙari aka ɗora maka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.