Marayun ordinatocin Dakoro: daga XP zuwa Windows 10



Ranar Talata 14 ga watan Oktoba 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunshi daga Windows 10. A nan Dakoro ko ɗuriyar maganar ba a ji ba. Da gari ya waye aka kunna ordinatoci a burori, da lakwal-lakwal, da shagunan buga takardu na bakin tasha, duk suka tashi lafiya lau. Mu ma a gidan rediyo mun buɗe tasha da sallama kamar kullum. To, wannan shi ne karo na uku da hakan ta faru a kan idonmu: 2014, 2020, ga kuma 2025. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu bi tarihin abin, don akwai masu shirin fitar da kuɗinsu su sayi inji a ƴan watannin nan.

Mu fara da ma'anar janye hannun. Windows kamar ginin laka yake. Kowace shekara kafin damina sai an bi shi da yaɓe, an toshe inda ya tsage. Yaɓen nan shi ne abin da masu gyara ke ce wa mizajur. Kamfani kan aiko shi wata-wata, ranar Talata ta biyu. Ranar da magini ya ce ya daina zuwa, ɗaki ba ya faɗuwa nan take. Sai dai duk tsagar da ta fito daga baya haka za ta zauna a buɗe. Abin da ya fi muni, ɓarayin intanet sukan duba wurin da aka yaɓe a sabon Windows, su je su nemi irin wannan tsaga a tsohon, tunda tubalinsu kusan ɗaya ne.

Windows XP ya fito ranar 25 ga Oktoba 2001. A wannan lokaci rediyoyin karkara na Nijar jarirai ne, tunda ta farko, wadda aka kafa a Bankilare, a 1999 ta fara magana. Aiki duk na kaset ne, da biro ake juya zare in ya kwance. Mu da muke koleji a shekarun nan, mun fara ganin ordinatar da yawa a Dakoro ne bayan yunwar 2005, sa'ad da MSF da sauran ƙungiyoyin agaji suka buɗe cibiyoyin ciyar da yara. Furoje ya zo da injinshi, furoje ya ƙare ya bar wasu. Sauran kuwa ta kasuwa suka shigo, kuma kusan duka kwance ne: an sauke su a tashar jirgin ruwan Kwatano, sun biyo mota har Maraɗi, ko kuma sun ƙetaro daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Tun daga madannai ake gane hanyar da inji ya biyo. In layin farko ya fara da A da Z, daga Faransa ko Beljiyam ya fito. In ya fara da Q da W, to ɗan Kano ne, kuma mai buga takardar Faransanci zai sha wahalar neman wasalin da ke da alama a kai. Wasu har da tambarin ma'aikatar Turai da ta yar da su manne a jiki.

Ke nan tun ranar da inji ya sauka a tashar Dakoro ya riga ya ci rabin shekarunshi a wani wuri.

Akwai kuma gaskiyar da ba mu cika son faɗi ba. Ko lokacin da Microsoft ke aiko yaɓen kyauta, mu ba mu karɓa. Windows ɗin da ke cikin injinan namu daga sede guda aka zuba shi, sede ɗin da ke yawo daga hannu zuwa hannu. Abu na farko da mai gyara ke yi in ya gama zubawa shi ne ya kashe mizajur, kuma yana da hujjoji biyu masu ƙarfi. Na farko, in injin ya gaisa da kamfani aka gane lasisin ba na gaskiya ba ne, sai fuskar allo ta koma baƙa, da saƙon gargaɗi a kusurwa. Na biyu, intanet ɗin da muke da shi na ƴar kle ne da ake sa wa kati, zamanin da Celtel ta koma Zain a 2008, Zain ta koma Airtel a 2010. Wa zai bar inji ya shanye mishi katin jikka biyu cikin dare don wani gyaran da ido ba ya gani? Mun yi maraici tun uba na da rai.

Cutar da ta fi cin mu ma ba ta intanet ta riƙa shigowa ba, ta kle ce. Ɗalibi ya kai kle shagon buga takardu, ma'aikaci ya kai tashi buro, mai waƙa ya kawo mana tashi rediyo, haka birus ke zagaya gari kamar kyanda. Wanda ya yi aiki da ordinatar a shekarun nan ya san birus ɗin rakursi, mai ɓoye takardu ya bar maka inuwarsu. Maganin kuma guda ne a bakin kowa: a formate. Mu wannan magani ya yi mana ɓarnar da har yau ba mu warke ba. Akwai hirarrakin da magabatanmu a gidan rediyo suka ɗauka da tsofaffi, kan rijiyoyin kwarin Tarka, da burtalin dabbobi, da sunayen da aka laƙaba wa kowace yunwa. An kwashe su daga kaset zuwa inji, aka sake amfani da kaset ɗin don ɗaukar sanarwar biki. Rannan injin ya ƙi tashi, aka kira mai gyara, ya formate. Bai tambaya ba, mu ma ba mu gaya mishi ba. Da yawa daga cikin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su.

Ranar 8 ga Afrilu 2014 aka rufe littafin XP, bayan shekara goma sha biyu da rabi. Amma mu ba mu iya rabuwa da shi ba. Lojisiyel ɗin da muke yanka murya da shi, Cool Edit, wanda Adobe ta saya a 2003 ta mai da shi Audition, a kan XP hannunmu ya saba da shi. Katin sautin da ke haɗa inji da teburin studiyo shi ma XP kaɗai ya sani. Canza Windows yana nufin canza kayan studiyo, kuɗin kuwa babu.

A nan ne wata dabara ta ɓullo, wadda ta cancanci a tuna da ita. Microsoft na da wani ƙanen XP mai suna POSReady 2009, wanda aka yi domin injinan karɓar kuɗi na kantuna da makamantansu. Shi wa'adinshi bai ƙare ba. Ƴan makonni bayan rufe XP, masu bincike suka gano cewa in ka ƙara ɗan layi guda a cikin rajistar inji, sai ya gabatar da kanshi ga kamfani a matsayin injin kanti, a ci gaba da aiko mishi yaɓe. Kamar dai yaro ya ari takardar haihuwar ƙanenshi don a karɓe shi lakwal. Microsoft ta yi gargaɗin cewa gyaran ba don XP na gida aka yi shi ba, kuma ba a gwada shi a kai ba. Wani matashi da ya koyo gyara a Maraɗi ya yi mana wannan aiki a injin buro. Ya riƙa zuwa da nashi kati, ya kwana yana jiran saukar fayil, kuran ya ɗauke a sake daga farko. Dabarar ta ja har 9 ga Afrilu 2019, ranar da shi ma ƙanen aka sallame shi. Shekara biyar na aro ke nan.

A tsakiyar shekarun aron nan duniya ta ga abin da buɗaɗɗiyar tsaga ke jawowa. Ranar 12 ga Mayu 2017 birus ɗin WannaCry ya bazu a ƙasashe sama da 150. Yana kulle takardun mutum ya nemi kuɗin fansa. Asibitocin Ingila sun mai da marasa lafiya gida, kamfanin motoci na Renault ya tsai da aiki a wasu masana'antunshi. Abin ya kai Microsoft ta karya ƙa'idarta ta fitar wa XP gyara na gaggawa, shekara uku bayan ta ce ta gama da shi, ta kuma sake yin haka a Mayu 2019 kan wata tsagar. Amma ga abin lura: mafi yawan injinan da WannaCry ya kama Windows 7 ne, wanda ake ci gaba da aiko wa yaɓe a lokacin, kuma maganin tsagar ya fito tun watan Maris. Masu injinan ne ba su sa shi ba. Halinmu ne sak, sai dai su intanet ɗinsu ba ya yankewa. Mu abin da ya kare mu a wannan rana, in za a faɗi gaskiya, rashin haɗi ne.

Ba birus ne ya kori XP daga burorinmu ba, intanet ce ta juya mishi baya. Chrome ya daina sabunta kanshi a kan XP a 2016, Firefox ya bi sahu a 2018. Shafuka suka fara ƙin buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ma laifin ƴar ƙaramar batir ce ta cikin inji: in ta mutu, agogo ya koma shekarun baya, sai kowane shafi ya ce bai yarda da kai ba. Shirye-shiryen da ake aiko mana daga Yamai ta intanet suka gagara saukowa, dole muka koma Windows 7. Shi ma ba mu daɗe da sabawa da shi ba aka sallame shi ranar 14 ga Janairu 2020. Manyan ma'aikatu sun biya kuɗi an ƙara musu shekara uku, zuwa Janairu 2023. Wannan ciniki ba da irinmu aka yi shi ba.

Masu salula kada su ce abin bai shafe su ba. Waɗanda WhatsApp ya daina aiki a tsofaffin wayoyinsu a ƙarshen 2023, lokacin da aka ce sai Android 5 zuwa sama, wannan cutar ce ta same su.

Yanzu ga Windows 10, kuma nashi ya bambanta da na baya. Da, in an rufe tsohon Windows, kana iya lallaɓa sabon a kan injinka ko da zai riƙa jan ƙafa. Windows 11 kuwa, da ya fito a Oktoba 2021, yana neman wani ɗan guntun ƙarfen tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar inji ta wajen 2018 zuwa sama. Injin da ke aiki garau, in bai cika sharaɗin ba, a hukumance an bar shi a baya. Akwai hanyoyin zagaye sharaɗin, masu gyaranmu sun san su, amma kamfani ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan inji gyara ba. Ga mai son zama kan Windows 10, a 2025 an buɗe ƙofar ƙarin shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba 2026: ko ka biya dalar Amurka 30, wajen jikka goma sha bakwai ke nan na sefa a lokacin, ko ka haɗa injinka da asusun Microsoft ka bar shi yana ajiye saitunanka a wurinsu. Duk biyun suna son lasisi na gaskiya da intanet mai tsayawa. Ku duba injinan garin nan ku ƙirga nawa ne suka cika.

Abin da ya fi damunmu shi ne kasuwa. Duk lokacin da aka rufe wani Windows, ma'aikatun Turai da Amurka kan zubar da injinansu, kuma mun san inda suke ƙarewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗin mota ya hau kan farashi. Za a kawo mana injina masu kyan gani, a ce sabbin shigowa ne, alhali dalilin fitowarsu daga can shi ne ba su ɗaukar Windows 11. Ba mu ce kada a saya ba, jama'a. Inji ne mai ƙarfi, zai yi shekaru yana buga takardu. Amma a tambayi mai sayarwa ƙarara ko yana ɗaukar 11 ba tare da dabara ba, a kuma yi ciniki gwargwadon amsar.

Akwai wata hanyar da muka daɗe muna raina wa, wato Linux. Kyauta ne, babu maganar lasisi, kuma ana ci gaba da yi mishi yaɓe ko a kan tsohon inji. Jandarmomin Faransa sun kwashe dubban injinansu daga XP zuwa Ubuntu tun kafin wa'adin 2014 ya cika. Akwai ma wani nau'i mai suna Emmabuntüs, da aka tsara da Faransanci musamman don farfaɗo da injinan kwance. Matsalarshi a nan ta hannu ce. Mai buga takardu ya saba da Word, mai gyara bai koye shi ba, wata na'urar buga takarda kuma sai an sha fama kafin ta yarda da shi. Mun gwada shi a inji guda, makon farko kowa na tsaki, yanzu matasan da ke yanka labarai da Audacity ba su ma tuna a kan me suke aiki.

Ga yadda muka raba namu a gidan rediyo. Injin da ke hawa intanet shi ne mai Linux, ta nan kowace kle ke fara bi kafin ta shiga studiyo. Injin buro na nan kan Windows 10, ba mu yanke shawara a kanshi ba tukuna, kuɗin ne ke gardama. Tsohon mai XP kuwa yana kusurwar studiyo, mun cire mishi wayar intanet, mun toshe ramukan kle na gaba da salatif. Aikinshi guda ne yanzu: kwashe sauran kaset ɗin da suka tsira. Kowace hira in ta shiga, a ranar ake kwafe ta wuri biyu, ɗaya faifan kuma ba ya kwana a gidan rediyo. Saura kwali biyu ba mu taɓa ba. Wanda ke da tsohon kaset na wani dattijo ko makaɗin yankin nan, daga Kornaka har Bermo, ya kawo mana tun injin na tashi, za mu kwafe mu mai da mishi abinshi.