Daga Dandali Zuwa Dandamali: Tarihin Rawar Gargajiya a Hannun Ɗaliban Jami'a

Ina aji biyu a jami'a aka zaɓe ni cikin 'yan mata goma sha biyu da za su yi rawar gargajiya a Makon Hausa. Mako uku muka yi muna gwaji a bayan ɗakin kwananmu. Muka ɗinka anko na saƙi, muka yi kitso iri ɗaya, muka ƙunsa lalle, aka ɗauko mana wani dattijo mai kalangu daga cikin gari. Ran biki aka ba mu minti bakwai, muka cika su cif, zaure ya ɗauki tafi da guɗa. Da na je gida hutu sai na nuna wa kakata bidiyon a waya, ina jiran yabo. Ta ƙura ido har ya ƙare, sannan ta ce, "Kishiya, takun dai namu ne. Amma faɗa kuka yi, da kuka jeru kamar sojoji, ba mai kallon 'yar'uwarta?" Ban gama dariya ba ta sake jefo wata: "Shi wannan mai kalangun, ɗan gidan wa ne?" Ko sunansa ban sani ba.

Waɗannan tambayoyi biyu su suka sa ni waiwaye. Abin da na gano shi ne rawar da ɗalibai ke yi a kan dandamali tana da nata tarihin, wanda bai wuce shekara sittin da 'yan kai ba. Tarihi ne na ceto, kuma tarihi ne na sauyi, kuma a cikinsa akwai bashin da har yau ba mu biya ba.

Kowace rawa da mai ita

A ƙasar Hausa ta dauri, rawa ba ta tashi haka kawai. Kowace tana da masu ita, da lokacinta, da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, shi ne kuma ke tara 'yan mata ran kasuwa ko ran biki. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma takan bi manoma har gona ranar gayya, ta zuga mai garma ya manta da gajiya. Maharba da 'yan tauri suna da nasu kiɗan da kirarinsu, garaya da goge sun shahara a wajen masu bori, tambari kuwa ba a buga shi sai don sarki. Gaɗa ta 'yan mata ce a dandali da farin wata, tafi ne kiɗanta, kuma a cikinta yarinya kan saki jiki ta faɗa baya, da yaƙinin ƙawayenta za su cafe ta. Bayan an kawar da amfanin gona samari kan yi kalankuwa, su naɗa nasu sarakunan na wasa. A duk waɗannan babu katanga tsakanin mai rawa da mai kallo. Wanda ke tafi yanzu shi ne zai shiga fage an jima.

Sai dai masu wannan fasaha ba su da daraja a idon jama'a. A nazarin da M. G. Smith ya buga a 1959 kan matsayin mutane a al'ummar Hausawa, ya nuna cewa makaɗa da maroƙa suna can ƙasan tsani, kusa da mahauta. Ana jin daɗin kiɗansu, ana yi musu kari, amma ba kowa ke ba su 'ya ba. Malaman jihadin 1804 sun soki cuɗanyar maza da mata a wuraren bukukuwa, sun kuma yaƙi bori. Da Turawa suka kawo boko, su ma ba su buɗe wa rawar ƙofa ba. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, wasannin 'ya'yan manyan Ingila irin su kurket aka koya wa ɗalibai. Saboda haka ɗan bokon farko ya tashi da katanga biyu tsakaninsa da dandali: ta gida mai cewa rawa ba aikin ɗan mutunci ba ce, da ta makaranta mai cewa ba ilmi ba ce.

Yadda rawa ta shiga jami'a

Guguwar neman 'yancin kai ce ta rushe katanga ta biyu. Sababbin ƙasashen Afirka suna bukatar abin da za su nuna wa duniya su ce namu ne, kuma rawa ba ta bukatar tafinta. Fodeba Keita na Gini ya kafa ƙungiyar rawarsa a Faris a farkon shekarun 1950, bayan samun 'yanci a 1958 ta zama ta ƙasa. Amma a Ghana ne aka fara ɗaura wa rawa aure da jami'a sosai. A 1962 aka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, bisa jagorancin masanin kiɗa J. H. Kwabena Nketia da gwanin tsara rawa Albert Mawere Opoku. Kwame Nkrumah da kansa ya buɗe cibiyar a watan Oktoba na 1963.

Dabarar Opoku ita ce tushen abin da muke gani yau a jami'o'i da dama. Ya ɗauko raye-rayen ƙabilu daban-daban, kamar adowa ta Asante, da agbekor ta Ewe, da bamaya da takai na Dagomba a arewa, ya taƙaita su, ya tsara shiga da fita, ya sa kowane ɗan ƙungiya ya koyi rawar da ba ta ƙabilarsa ba. Manufar siyasa ce a fili: idan Ba'asante ya taka rawar Dagomba, an ɗinka ƙasa da zare ɗaya.

A Nijeriya, Jami'ar Ibadan ta buɗe makarantar wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960 a ƙarƙashin Geoffrey Axworthy. A can ne Peggy Harper ta koyar da rawa, ta kuma shiga ƙauyuka tana ɗaukar raye-raye a fim, ciki har da na matan Tibi da na Irigwe a Miango. A can ɗalibi yakan zauna a aji a tambaye shi ma'anar taku da juyi, a kuma ba shi maki a kai. Bikin fasahar baƙar fata na duniya da Shugaba Senghor ya shirya a Dakar a 1966 ya ƙara wa abin armashi.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ba rawa wani sabon aiki, wato ɗinke ɓaraka. A 1970 aka fara bikin fasaha na ƙasa, jihohi suka kafa hukumomin al'adu da ƙungiyoyin rawa don shiga gasa. Ta wannan hanya ce koroso, mai kacau-kacau a ƙafa, ta yi suna a hannun ƙungiyar Jihar Kano, har ta zama ita ce mutanen kudu ke fara tunawa idan an ce rawar Hausawa. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ya riƙa jefa matasan da suka gama jami'a cikin al'adun da ba nasu ba. Sai kuma bikin FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, wanda aka yi a Legas, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Daga nan salon gasa ya kafu: alƙalai a gaba, agogo a hannu, kowace ƙungiya da ankonta.

Darasin Zariya

A Arewa, gwajin da ya fi jan hankalina shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a can a ƙarƙashin Michael Etherton, wanda ya zo da gogewar da ya samu a Jami'ar Zambiya. Da aka tashi gina wurin wasa, ba a kwaikwayi zauren Turawa mai labule da kujeru a jere ba. Maginin Amurka Steven Ehrlich ya zana shi, magina Hausawa suka ɗora shi da ƙasa, da ɗakuna kewaye da fili a tsakiya, tamkar tsakar gidan Bahaushe. Ginin kansa amsa ce ga tambayar kakata ta farko, tun kafin a haife ni: wasan da aka haifa a da'ira, a da'ira ya kamata a yi shi.

Malaman Zariya da ɗalibansu ba su tsaya a harabar jami'a ba. A 1977 suka kai Wasan Manoma yankin Soba, daga baya aka yi Wasan Maska, aka kuma kafa al'adar fita cikin garin Samaru da ƙauyukan kewaye, irin su Bomo da ta shahara da kalankuwa. Sukan zauna da mutane, su saurari damuwarsu kan taki da ruwan sha da lafiya, su gina wasa da harshensu da kiɗansu da rawarsu. Daga cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki akwai Salihu Bappa da Oga Steve Abah. Muhimmin abin da Zariya ta koyar shi ne ɗalibi ya je ƙauye a matsayin mai neman sani, ya mayar wa mutane abin da ya karɓa a wajensu.

Riba da hasara

Ba adalci ba ne a raina abin da dandamali ya yi. Dandalin ƙauye ya yi rauni saboda dalilan da ba jami'a ce ta jawo su ba: makarantar boko da ta Islamiyya sun cinye yammacin yara, talabijin da waya sun cinye darensu, rashin tsaro kuma ya hana fitar dare a wurare da yawa. Yarinyar da ta tashi a birni yau, wataƙila a Makon Hausa ne kawai za ta ga gaɗa da idonta. A ranar al'adu ce na fara ganin swange ta Tibi, da bata ta Yarbawa, da atilogwu ta Ibo, kuma daga ranar na daina yi wa abokan karatuna kallon baƙi. Jami'a ta kuma ɗaga darajar abin da aka raina, tun da yanzu ana rubuta kundin digiri a kan kiɗan da a da ake hana ɗan malam tsayawa kusa da shi.

Amma masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Dandamali yana da fuska ɗaya, don haka ya buɗe da'ira ya mai da ita sahu, kowa na kallon manyan baƙi. Yana da agogo, don haka rawar da kan kai asuba ta koma minti bakwai. Yana son daidaito, don haka ya kashe gwanintar mutum ɗaya, alhali a dandali abin da ake jira shi ne yarinya ta fito da salon da ba a taɓa gani ba. Ya kuma raba rawa da dalilinta: ana rawar noma ba gona, ana rawar maharba ba dawa. Mafi haɗari shi ne mantuwa. Idan ɗalibai suka koya daga bidiyon ɗaliban bara, su ma daga na bara waccan, sai a wayi gari tsarin da wani ya yi don gasa ya zama shi ake kira gadon kakanni, ba tare da an san ranar da aka ƙirƙire shi ba.

Ga ɗalibar Bahaushiya akwai ƙarin nauyi. Katangar gida ba ta faɗi ba. Rawar finafinan Hausa mai kwaikwayon ta Indiya, wadda ce-ce-ku-ce a kanta ya taimaka wajen kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001, ta sa iyaye da yawa sun haɗa kowace rawa a kwando ɗaya. Biyu daga cikinmu ba su gaya wa iyayensu sun shiga ba. A ganina, sanin tarihi ne kaɗai zai raba wannan gardama, domin wanda ya san gaɗa wasan 'yan mata ne tsakaninsu, mai ɗauke da gargaɗi da horo kan zaman aure, ba zai auna ta da ma'aunin abin da ya gani a fim ba.

Bashin da ya rage

Tambayar kakata ta biyu ita ta fi ci mini rai. A takardar shirin bikinmu an buga sunan babban baƙo, da uban taro, da shugabannin ƙungiya, da mu goma sha biyu. Dattijon da ya gyara mana taku, ya nuna mana inda kalangu ke kira da inda ƙafa ke amsawa, an sallame shi da kuɗin mota ta ƙofar baya. Mun ɗauki fasaharsa mun kai ta zauren ilmi, shi kuwa mun bar shi a matsayin da Smith ya tarar da kakanninsa a 1959. Laifin namu ne, mu da muka shirya, kuma ina cikin masu shi.

Gyaran ba shi da tsada. Duk ƙungiyar ɗalibai da za ta yi rawa ta rubuta sunan rawar, da garin da aka samo ta, da wanda ya koyar, da abin da aka sauya don ta dace da dandamali. A zaunar da makaɗi a sahun malamai, a ba shi dama ya yi bayani da bakinsa. Inda hali ya yi, a sauko daga dandamali a yi wasan a fili, jama'a su kewaye, kamar yadda ginin ƙasa na Zariya ya nuna tun shekarun 1970.

Da hutu ya ƙare na koma cikin gari neman dattijon. A bakin mahauta na same shi, kalangunsa rataye a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo ne in tambayi sunanka da na wanda ya koya maka." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce in samo takarda mai yawa, domin shi ne na biyar a gidansu.