Yadda kundayen faifai suka fito da kiɗan rege daga Jamaika

A birnin Kingston na shekarun 1960, da wuya mawaƙi ya yi tunanin babban faifai. Kasuwar ta ƙaramin faifai ce, mai waƙa ɗaya a kowace fuska. Masu situdiyo irin su Coxsone Dodd na Studio One da Duke Reid na Treasure Isle su ne kuma masu manyan lasifikan da ke haɗa rawa a fili da dare. A nan ake gwada sabuwar waƙa. Idan jama'a sun karɓe ta a buga a sayar, idan ba su karɓa ba, mako mai zuwa wata ta maye gurbinta. Dubban waƙoƙi suka riƙa fitowa haka a warwatse, kuma da ba a samu masu tattara su ba, da yawancinsu sun salwanta.

Aikin tattarawar ya kankama ne a Landan, inda 'yan Jamaika suka yi kaka-gida bayan yaƙin duniya na biyu. A 1968 Lee Gopthal da Chris Blackwell suka kafa kamfanin Trojan, da sunan lasifikan Duke Reid. A 1969 kamfanin ya fara fitar da jerin kundayen Tighten Up, inda ya zubo waƙoƙin mawaƙa daban-daban a faifai guda, a kan sule 14 da sisi. Wannan araha ce ta kai rege ɗakunan matasan Turawa 'ya'yan ma'aikata.

Kundin da ya buɗe ƙofar duniya shi ne na fim ɗin The Harder They Come, wanda Perry Henzell ya shirya, Jimmy Cliff ya fito a matsayin jarumi, a 1972. Waƙar da ke ɗauke da sunan fim ɗin ce sabuwa. Sauran duk an tsinto su ne daga ƙananan faya-fayan da suka riga suka ci zamaninsu a tsibirin, na Desmond Dekker da Maytals da Melodians da sauransu. Mutane da yawa a Amurka da Turai ta wannan kundi suka fara jin rege.

Shi kuwa salon kiɗan dub, a bayan ƙaramin faifai aka haife shi. Daga baya an saba a saka kiɗan waƙar zalla, ba murya, a fuska ta biyu. Sai Osbourne Ruddock, wanda aka fi sani da King Tubby, mai gyaran kayan lantarki a unguwar Waterhouse, ya mai da wannan fuska fasaha mai zaman kanta. Yakan janye murya, ya bar ganga da jitar bas su yi ta dukan ƙirji, sannan ya sako ɗan guntun murya ya bar amsa-kuwwa ta tafi da shi. Kundin King Tubbys Meets Rockers Uptown na 1976, wanda Augustus Pablo ya fitar, ya nuna wa duniya cewa mai zama a gaban na'ura ma makaɗi ne.

Najeriya na da hannu a wannan tarihi. A 1976 kamfanin Virgin ya fitar da kundin rege mai suna The Front Line a kan kwabo 69 na Ingila. Yadda faya-fayan rege ke tafiya a kasuwar Najeriya na cikin dalilan da suka sa mai kamfanin, Richard Branson, ya nufi Kingston a 1978 don ƙulla yarjejeniya da ƙarin mawaƙa.

Sai dai mai zaɓen waƙoƙi shi ke yanke abin da duniya za ta ji. Kundin Legend na Bob Marley, wanda ya fito a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa, ya fi kowane faifan rege ciniki a tarihi. Amma masu suka sun daɗe suna cewa an fifita waƙoƙinsa masu taushi a kan masu zafi da ya yi game da talauci da zalunci. Ga kuma batun haƙƙi: mawaƙa da makaɗa da yawa sau ɗaya aka biya su a ranar ɗaukar waƙa, daga nan kura ta ci gaba da shan bugu, gardi na karɓe kuɗi.

Wannan ne ya sa aikin kamfanin Blood and Fire, wanda aka kafa a Manchester a 1993, ya yi fice. Steve Barrow da abokan aikinsa sun bi sawun tsofaffin faya-fayan King Tubby, wanda aka harbe a Kingston a 1989, suka gyara sautinsu, suka rubuta sunan wanda ya kaɗa da wanda ya rera, suka kuma dage a kan biyan masu haƙƙi. Kamfanin Soul Jazz na Landan ya yi makamancin wannan tono a taskar Studio One.

A 2018 hukumar UNESCO ta saka rege cikin jerin al'adun gado na duniya. Masu tattara waƙoƙi na da babban kaso a wannan nasara, amma yabon ya fi dacewa da waɗanda suka ambaci masu aikin da sunansu, suka kuma ba su haƙƙin guminsu.