Yadda wani ɗalibi ya gano kuskuren manyan farfesoshi a cikin fayil ɗin Excel (zare 🧵)

1/ Jama'a, yau labarin wani fayil na Excel zan ba ku. Shekara 3 ministocin kuɗi da 'yan majalisa a Turai da Amurka suna kafa hujja da lissafin da ke cikinsa, alhali a cikinsu ba wanda ya taɓa buɗe shi. Ranar da wani ɗalibi ya buɗe, sai magana ta canza. 'Yan ajin ƙarshe masu rubuta furojet, ku matso kusa.

2/ Shekarar 2010 ce. Duniya ba ta gama farfaɗowa daga durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ba, bashi ya yi wa ƙasashe katutu. Sai wasu masana biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da wata gajeriyar maƙala mai suna Growth in a Time of Debt. Ba ƙananan mutane ba ne. Rogoff farfesa ne a Harvard, ya kuma taɓa zama babban masanin tattalin arziki na IMF. Ita Reinhart a lokacin tana Jami'ar Maryland, a 2012 ta koma Harvard.

3/ Sun duba ƙasashe 20 masu arziki daga 1946 zuwa 2009. Suka ce muddin bashin gwamnati bai kai kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, tattalin arziki na haɓaka da kamar kashi 3 zuwa 4. Da ya haura 90, matsakaicin haɓakar sai ya faɗi zuwa -0.1. Wato kamar bakin rami: kana tafiya lafiya lau, taku ɗaya ka rufta.

4/ Lamba ɗaya mai sauƙin haddacewa, ai 'yan siyasa sun samu abin da suke nema. Paul Ryan ya kawo ta a tsarin kasafin kuɗin 'yan Rifablikan a majalisar Amurka. Olli Rehn, kwamishinan tattalin arziki na Tarayyar Turai, ya yi ta ambaton kashi 90 ɗin. George Osborne, ministan kuɗin Birtaniya, shi ma ya jingina da su. A daidai lokacin ake tsuke bakin aljihu, ana rage albashi da fansho, kuma a Girka fiye da rabin matasan da ke neman aiki ba su da shi.

5/ A yi adalci: ba maƙalar nan ce ta haifar da tsuke bakin aljihu ba, masu son yi dama sun riga sun yi niyya. Amma ta ba su rigar ilimi da za su saka idan an tambaye su dalili.

6/ Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, maƙalar ta fito ne a fitowa ta musamman ta mujallar American Economic Review, wadda ake tara takardun taron shekara-shekara. Waɗannan ba sa bi ta irin tantancewar da sauran maƙalu ke bi. Sunan mujalla babba, sunan marubuta babba, sai kowa ya ɗauka an riga an duba.

7/ A ƙarshen 2012, a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, malamai biyu, Michael Ash da Robert Pollin, suka ba ɗalibansu aiki: kowa ya zaɓi sanannen bincike, ya nemo bayanan, ya sake lissafin da kansa ya ga ko zai samu amsa iri ɗaya. Thomas Herndon, ɗalibin digirin digirgir, ya zaɓi na Reinhart da Rogoff.

8/ Marubutan sun ɗora alƙaluman bashin ƙasashe a intanet, kowa na iya saukewa. Herndon ya sauke, ya lissafa, bai samu -0.1 ba. Ya sake, bai samu ba. Haka ya cinye zangon karatu guda. Malamansa da farko sun zaci shi ne ke kuskure, kuma wa zai ga laifinsu? Ɗalibi da farfesan Harvard, wa za ka fara zargi?

9/ A nan darasin farko yake a ganina. Ɗora ɗanyen alƙaluma daban, nuna yadda ka sarrafa su daban. Kamar a ba ka gari da kuka da daddawa ne a ce ka fitar da ɗanɗanon miyar wata, ba a gaya maka me ta zuba ba, me ta tsame ba.

10/ Daga ƙarshe ya rubuta wa marubutan, su kuma suka turo masa ainihin fayil ɗin da suka yi aiki da shi. Wannan kam a yaba musu, domin da sun yi shiru, da wataƙila har yau ana gardama a duhu.

11/ Da ya buɗe, ga abin da ya gani. Lissafin matsakaici ya kamata ya kama daga layi na 30 zuwa na 49. Wanda ya ja linzamin kwamfuta ya tsaya a layi na 44. Ƙasashe 5 suka zube a waje: Denmak, Kanada, Beljiyam, Ostiriya da Ostireliya. Shi ke nan fa. Kuskuren da ni da kai za mu iya yi da ƙarfe 2 na dare.

12/ Wannan shi ne ɓangaren da ya yi suna, har aka gayyaci Herndon shirin barkwancin Stephen Colbert a talabijin. Amma ku tsaya ku ji: shi ne mafi ƙanƙanta cikin matsalolin. Ko an gyara shi kaɗai, -0.1 zai koma 0.2 ne kawai.

13/ Babbar maganar tana wajen zaɓin da aka yi. Na farko, wasu shekarun bayan yaƙin duniya na biyu ba su shiga lissafi ba: na Ostireliya da Kanada daga 1946 zuwa 1950, na Niyu Zilan daga 1946 zuwa 1949. Shekaru ne da bashi ya haura 90 amma a jimlace tattalin arzikinsu na haɓaka.

14/ Na biyu, yadda aka auna ƙasashen. Kowace ƙasa an ba ta ƙuri'a ɗaya, komai yawan shekarunta. Birtaniya ta yi shekara 19 bashinta na sama da 90, tana haɓaka da kashi 2.4 a matsakaici. Niyu Zilan kuwa shekara ɗaya tak aka lissafa mata, 1951, inda tattalin arzikinta ya faɗi da kashi 7.6. A shekarar ce aka yi rikicin ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa na kwana 151. Wannan shekara ɗaya ta yi nauyi daidai da shekara 19 na Birtaniya. Da an haɗa da sauran shekarunta 4, matsakaicin Niyu Zilan zai zama 2.6, ba -7.6 ba.

15/ A watan Afrilun 2013 Herndon da Ash da Pollin suka fitar da nasu sakamakon. Idan aka gyara duka ukun, ƙasashen da bashinsu ya haura 90 suna haɓaka ne da kashi 2.2. Ya yi ƙasa da na masu ƙaramin bashi, gaskiya ne, amma ramin nan da ake tsorata mutane da shi babu shi.

16/ Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren Excel ɗin ba da ɓata lokaci ba. Sauran biyun suka ƙi. Sun ce shekarun da suka ɓace ba su kammala haɗa alƙalumansu ba ne lokacin rubutun, ba wai sun cire da gangan ba, kuma har a lissafin masu sukar tasu, yawan bashi na tafiya da raguwar haɓaka. Masana har yau suna ja-in-ja kan ko bashi ne ke rage haɓaka, ko raguwar haɓaka ce ke tara bashi.

17/ Ni ban ga hujjar cewa sun yi maguɗi ba, kuma ba shi ne abin da ya dame ni ba. Kowane mai bincike yana yanke shawara: wannan ya shiga, wancan ya fita, a auna ta haka. Halas ne. Matsalar ita ce a maƙalar ba za ka iya ganin shekara ɗaya ta Niyu Zilan tana jan komai ƙasa ba, sai a cikin fayil. Da fayil ɗin na rataye da maƙalar tun 2010, da a makon farko wani ya hango.

18/ Abubuwa sun ɗan sauya. A 2016 masana suka fitar da ƙa'idojin FAIR, waɗanda ke neman bayanan bincike su zama ana iya gano inda suke, a same su, a haɗa su da wasu, a sake amfani da su. Ƙungiyar da ke buga waccan mujalla ta naɗa edita na musamman kan bayanai, kuma daga 2019 sai an gwada lissafinka an ga ya fitar da abin da ka rubuta kafin a buga.

19/ Yanzu mu dubi kanmu kaɗan. Ɗalibi zai raba takardun tambayoyi 200, ya shigar a SPSS, ya fitar da tebur, a ɗaure furojet da baƙin bango a kai sashe. Bayanan fa? Suna cikin filashin da ya ɓata, ko laftof ɗin da aka sayar kafin tafiya bautar ƙasa, ko wajen wanda aka biya ya yi lissafin. Ba a nemi ya miƙa su ba, shi ma bai ga dalili ba. Bayan shekara 2 wani zai kafa hujja da teburin nan, ba shi da hanyar sanin ko an tsaya a layi na 44.

20/ Ba ina cewa a watsa komai a intanet ba. Idan bayananka na marasa lafiya ne ko na mutanen da suka amince maka da sirrinsu, dole ka cire suna da lambar waya da duk abin da zai nuna su. Amma ka ajiye ɗanyen fayil ɗin da ba ka taɓa ba, ka yi aiki a kan kwafi, ka rubuta a shafi ɗaya waɗanda ka cire da dalilin cirewa, ka ajiye a wuri biyu.

21/ Reinhart dai ta zama babbar masaniyar tattalin arziki ta Bankin Duniya a 2020. Maƙalar su Herndon kuma ta fito a Cambridge Journal of Economics a 2014, kuma tun fitowarta ta farko suka ɗora bayanansu da matakan lissafinsu a shafin cibiyarsu ta bincike, don duk mai son bin diddiginsu ya sauke.